Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

 Da wuya a samu gari a jihohin Maraɗi, Damagaram ko Tawa wanda ba shi da ɗa ko ɗiya da ke karatu, ko da ya taɓa karatu, a babbar jami'ar Yamai da ke hayin kogi. In an tambayi uwa ina yaronta, sai ta ce yana Abdu Mumuni. Sunan ya zauna a bakinmu har ya koma kamar sunan unguwa. Amma in ka tsaya ka ce wane ne shi wannan Abdu Mumuni, da yawa daga cikinmu sai mu yi shiru. Wasu su ce minista ne, wasu su ce wani attajiri ne da ya gina wurin.

To, malamin kimiyya ne, masanin fizik, kuma a nan jihar Maraɗi aka haife shi. A takardun faransanci ana rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo. Ya rayu daga 1929 zuwa 1991, kuma ya ƙarar da ƙarfinsa a kan abu biyu: yadda za a mayar da zafin rana da haskenta su yi wa talaka aiki, da yadda za a gyara karatun boko ya dace da ƴaƴan Afirka. Duka biyun tunani ɗaya ne ya haife su, wato ƙasa ta nemi tsayawa da abin da Allah ya ba ta, da hannun ƴaƴanta. Ga tarihinsa da ayyukansa, don a ajiye a nan ga duk mai bukata.

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdu Mumuni ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a garin Tasawa. Iyayensa Zabarmawa ne, daga babban gida na Kirtashi, wani gari da ke bakin kogin Isa, kudu da Yamai. Lokacin ƙasar tana hannun Turawan Faransa, kuma lakwal kaɗan ce ƙwarai. Ya fara karatu a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. A 1944 aka tura shi Senigal, makarantar William Ponty da ke Sebikotan, kusa da Dakar.

Wannan makaranta ita ce ƙololuwar karatun da Faransa ta yarda ɗan Afirka ta Yamma ya kai a wancan zamani. A can ake horar da malaman makaranta, da akawuna, da masu shirin zama mataimakan likita. Manyan mutanenmu irin su Bubu Hama, Jori Hamani da Jibo Bakari duk sun bi ta can. Galibi in mutum ya fito, sai a ba shi aji ko ofis, karatu ya ƙare ke nan. Abdu Mumuni bai tsaya nan ba. Ya wuce lise a Dakar ya samu bak, sannan a 1949 ya tafi Paris, inda ya shiga lise Saint-Louis, ɗaya daga cikin makarantun da ke shirya ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi da kimiyya. Daga nan ya shiga jami'ar Paris, ya samu lisans a kimiyyar fizik a 1953.

Bari mu tsaya kaɗan a kan wannan kalma. Fizik, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa fiziks, shi ne ilimin da ke bincikar yadda abubuwa suke aiki: me ya sa dutse ke faɗowa ƙasa, yaya zafi ke ratsa ƙarfe, yaya haske ke tafiya, mene ne wutar kuran. Maƙeri da ke zuga wuta, da mai gyaran moto, da matar da ta san randa na sanyaya ruwa, duk suna aiki da dokokinsa. Aikin masanin fizik shi ne ya auna abin, ya sa shi a lissafi, har ya iya faɗin abin da zai faru tun kafin a gwada.

A 1956 Abdu Mumuni ya ci jarrabawar da ake kira agiregasiyon. Gasa ce mai tsananin wuya da Faransa ke yi don zaɓen manyan malamanta. Ba a cin ta da yawan maki kawai, kujeru ne ƙididdigaggu, sai wanda ya fi saura. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya ci ta a fannin fizik, yana da shekara 27. A lokacin da wasu Turawa ke cewa kimiyya mai zurfi ta fi ƙarfin kan ɗan Afirka, ga yaron da aka haifa a Tasawa ya zauna ɗaki ɗaya da ƴaƴansu ya yi nasara.

Malami mai neman ƴanci

Zamansa a Faransa bai ƙare a ɗakin karatu ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, FEANF, wadda aka kafa a 1950, ta kuma zama babbar murya ta neman ƴancin kai. Haka kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957 a Senigal, jam'iyyar da ta fito fili ta ce cikakken ƴanci take so, ba gyaran mulkin mallaka ba.

Da takardar da ke hannunsa, da ya so da ya yi zamansa a Faransa da albashi mai kyau. Sai ya dawo Afirka ya kama alli. Ya fara koyarwa a Dakar. Ranar 28 ga Satumba na 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Janar De Gol, wadda dattawanmu ke tunawa da ita da sunan zaɓen "i" da "a'a". A nan Nijar jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ce a'a, ba ta yi rinjaye ba. Gine ce kaɗai ta ce a'a, ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, makarantun Gine suka wayi gari babu masu koyarwa. Matasan Afirka masu ilimi daga ƙasashe dabam-dabam suka tafi kai ɗauki, Abdu Mumuni yana cikinsu. Ya koyar a Konakiri, daga baya ya zo Yamai ya koyar, har ƙasarmu ta samu ƴancinta ranar 3 ga Agusta na 1960.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya yi aiki a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar, ya ƙware a kan makamashin rana. A 1964 ya sauka Bamako, zamanin shugaba Modibo Keita. Ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horar da malamai ta birnin. A 1967 ya samu babban digirin dakta na ƙasa a Paris. A 1969 ya dawo gida.

Littafinsa kan ilimi

A 1964 aka buga littafinsa a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, wato ilimi da tarbiyya a Afirka. An fassara shi da ingilishi a 1968, an kuma sake buga shi a 1998, bayan rasuwarsa. Har yau masu nazarin harkar makaranta a nahiyar nan suna komawa gare shi.

Ya fara ne da tarbiyyar gargajiya, irin wadda muka tashi a cikinta. Ya nuna cewa kafin zuwan Bature yaro ba ya tashi haka nan kara zube. Gari duka ne ke renonsa. Yana koyo ta hanyar aiki, a gona, a maƙera, a bakin rijiya, da tatsuniyar dare, kuma kowane mataki na shekarunsa da abin da ake ɗora masa. Bai ɓoye kasawar wannan tsari ba, musamman wajen rubutu da kimiyyar zamani, amma ya ce akwai abin ɗauka a ciki, babba kuwa shi ne rashin raba karatu da rayuwa.

Sannan ya juya ga lakwal ta Turawa. Ya nuna da hujja cewa an kafa ta ne don samar da ƴan tsirarun ma'aikata da za su taimaka wa mulkin mallaka: tafinta, akawu, malamin aji. Shi ya sa ba a damu da yawan yara ba. A Nijar, lokacin samun ƴanci, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Yaro kuma tun ranar farko ana yi masa magana da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Dattawan da suka yi lakwal a da sun san "sambol", abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar makaranta. Abin da ya fi damun marubucin shi ne, bayan an samu ƴanci, sabbin gwamnatoci sun gaji tsarin sun ci gaba da shi kusan yadda yake.

Shawarwarinsa a fili suke. A koyar da yara da harsunansu na gida, domin da su suke tunani. A yi yaƙi da jahilci tsakanin manya, maza da mata. A ba kimiyya da sana'ar hannu matsayi babba. A haɗa makaranta da aikin da gari ke ci da shi, kada ta zama ƙofar guduwa daga ƙauye. Ku lura, mai faɗin wannan magana mutum ne da ya kai ƙarshen karatu da faransanci, ba wanda zai ce gazawa ce ta sa shi faɗin haka. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara wasu da sauran harsunan ƙasa. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yau mafi yawan ƴaƴanmu da faransanci suke fara aji ɗaya, don haka maganar da ya ɗauko a 1964 ba ta ƙare ba.

Me ya sa ya zaɓi rana

Duk wanda ya taka rairayi ba takalmi da azahar a watan Afrilu ya san rana na da ƙarfi. Masanin fizik yakan tambaya, ƙarfin nawa ne? Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, haskenta kuma yana ɗaukar minti 8 da ƴan daƙiƙoƙi kafin ya iso. Duk da wannan nisa, da tsakar rana in sama ta yi garau, kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana samun ƙarfin da ya kai kimanin wat 1000. Wannan daidai yake da abin da ƙwan fitila mai wat 10 guda 100 ke ci. A ƙasarmu, in aka tara na yini guda, wannan ɗan fili yana samun tsakanin kilowat-awa 5 zuwa 7, kusan kowace rana ta shekara. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu.

Sai ya dubi ɗaya gefen. Nijar ba ta da bakin teku. Man fetur da gazuwal a lokacin duk daga waje ake kawo su, a kan doguwar hanya, da kuɗi masu yawa. Garuruwanmu a warwatse suke, jan waya daga babban birni zuwa kowane ƙauye abu ne da baitulmali ba zai iya ba. Girki kuwa duk da itace ake yi, dajin yana ja da baya, mata da yara suna ƙara nisa wajen neman kirare. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun nuna wa kowa abin da ke faruwa in ƙasa ta rasa itatuwanta. Rana kuma ga ta a kan kowane rufi, ba a biyan kuɗin kwastan a kanta, ba wanda ke iya rufe mata iyaka. Tun a 1964 ya rubuta maƙala kan makamashin rana a ƙasashen Afirka, shekara tara kafin tashin farashin man fetur na 1973 ya sa manyan ƙasashe su fara waiwayar wannan fanni da gaske.

Binciken da ya ba shi digirin dakta a kan madubi ne mai siffar kwano. Kun san farantin tele da muke ce wa parabol, wanda ke tara saƙon tauraron ɗan adam ya kai shi kan ɗan ƙaramin kai da ke gabansa. In aka yi irin wannan faranti da madubi aka fuskantar da shi ga rana, duk hasken da ya faɗa masa zai taru a wuri ɗaya, zafin wurin ya yi tsanani har ya iya narkar da ƙarfe in madubin babba ne kuma an ƙera shi daidai. Abdu Mumuni ya yi lissafin yadda zafin ke rarrabuwa a wannan matattara, ina ya fi yawa, ina yake raguwa, sannan ya auna da na'ura don ya ga ko lissafin ya yi daidai. Sai an san wannan ake iya ƙera murhu ko inji da ba zai ɓarnatar da zafin ba.

Aikinsa a ONERSOL

Gwamnatin Nijar ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, a 1965. Da Abdu Mumuni ya dawo a 1969 aka damƙa masa shi, ya riƙe har 1985. A hannunsa ofishin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi sani a Afirka a wannan fanni. Ba a tsaya ga rubuce-rubuce ba. An yi ɗakin bincike, an kuma yi wurin ƙira inda ƴan ƙasa ke yanka ƙarfe da gilashi suna haɗa na'urori. Ga manyan cikinsu da yadda suke aiki.

Na farko, abin dumama ruwa. Kowa ya san baƙin bido in aka bar shi a rana ruwansa ya fi na fari zafi, domin baƙin abu yana shan haske. Ana ɗaukar farantin ƙarfe a shafa masa baƙin fenti, a jera bututu a jikinsa, a sa shi cikin akwati, a rufe da gilashi. Gilashin yana barin haske ya shiga, ya kuma tare zafin kada ya fita, kamar yadda cikin mota ke yin zafi in an rufe tagoginta. Ruwa in ya yi zafi yana yin sauƙi, sai ya hau sama da kansa zuwa tankin da aka ɗora a bisa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Babu inji, babu mai, babu itace. Irin wannan ONERSOL ta fi ƙerawa da yawa, aka sa a gidaje da ma'aikatu. Ku tuna yawan itacen da wankan jego na mace ɗaya ke ci cikin kwana arba'in, za ku gane amfanin abin.

Na biyu, abin tace ruwa. Ana zuba ruwa mai gishiri ko mai datti a baƙin kwano mai faɗi, a rufe da gilashi a karkace. Rana ta sa ruwan ya tashi tururi, tururin ya taɓa gilashi ya koma ɗigo, ya gangara cikin magudana. Gishiri da datti su tsaya a ƙasa. Ruwan da ake samu tsarkakakke ne, irin wanda gidajen likita da masu batir ke bukata.

Na uku, murhun rana, wanda ke aiki da madubin nan mai siffar kwano: ana ɗora tukunya daidai inda hasken ke taruwa. Na huɗu, abin shanya, akwati ne da iska mai zafi ke ratsawa, ya busar da tumatir, albasa, tattasai ko nama ba tare da ƙura da ƙudaje ba. Manoman rani da ke ganin tumatir na ruɓewa a kasuwa lokacin da ya yi yawa sun san darajar wannan.

Na biyar shi ne wanda ya fi ba shi suna a wajen masana: injin da ke aiki da zafin rana, wanda aka sa wa sunan ONERSOL, aka kuma ƙera shi tare da wani kamfanin Jamus. Zafin da aka tara yana tafasa wani ruwa na musamman, tururinsa ya tura fistan, fistan ya juya inji. Babbar manufar ita ce jawo ruwa daga rijiya don mutane, dabbobi da garka, a wuraren da gazuwal ba ya isa.

Banda waɗannan, akwai panno mai mayar da haske wutar kuran kai tsaye, wanda wasu ke ce wa sola. Shi dabam yake da sauran, domin da haske yake aiki, ba da zafi ba. An ƙirƙiro irin na zamani a Amurka a 1954, kuma a lokacin tsadarsa ta sa sai a jikin taurarin ɗan adam aka fi ganinsa. Duk da haka, tun ƙarshen shekarun 1960 an fara kunna telebijin na makarantun ƙauye da shi a Nijar, abin da ya sa ƙasarmu cikin na farko a Afirka da suka gwada shi a karkara.

Shekarun jami'a da rasuwarsa

An buɗe jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970. Abdu Mumuni ya koyar da fizik a sashen kimiyya tun daga tsakiyar shekarun har ƙarshen rayuwarsa. A 1979, zamanin shugaba Seini Kunce, aka naɗa shi shugaban jami'ar, ya riƙe har farkon shekarun 1980. Ƙungiyoyin duniya, ciki har da UNESCO, suna neman shawararsa kan makamashin rana. Da yawa daga cikin malamai da injiniyoyin da suka riƙe wannan fanni a ƙasar nan daga baya, ta hannunsa suka bi.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu na 1991, yana da shekara 61. An kai shi Kirtashi, garin iyayensa, aka rufe shi a can. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Kowace shekara in ranar rasuwarsa ta zagayo ana tunawa da shi da tarurruka kan makamashin rana da danginsa. Ofishin da ya riƙe ya canza suna ya zama CNES, daga baya ANERSOL. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Me ya hana abin yaɗuwa, kuma ina muke yau

Mai sauraro zai ce, to in haka ne, me ya sa har yanzu ƙauyenmu ke cikin duhu, muna kuma girki da kara da itace? Tambaya ce da ta dace, kuma dalilan suna da yawa. Rana kyauta ce, amma abin kama ta ba kyauta ba ne. Ƙarfe, gilashi da madubi daga waje ake sayo su, kuɗin na'ura ɗaya ya fi ƙarfin manomi, kuma babu tsarin bashi da zai sa ya biya kaɗan-kaɗan. Murhun rana ya ci karo da yadda muke girki: mata sun fi ɗora tukunya da sassafe da kuma yamma, lokacin da rana ba ta da ƙarfi, tuƙin tuwo kuma yana son tsayuwa a kan tukunya, wa zai so yin haka a tsakiyar rana? Daga 1976 Yamai ta fara samun wuta mai sauƙin kuɗi daga Najeriya, hankalin mahukunta ya kwanta. A farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, kuɗin gwamnati ya ragu, bincike na cikin abubuwan da aka fara yanke wa kasafi.

Sai dai lokaci ya gaskata shi. Tsakanin 2010 da 2020 farashin panno a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Yau a ƙauyukanmu panno ne ke cajin salula, ke kunna firigon ajiye allurar rigakafi a gidan likita, ke jawo ruwa a garake. Gidajen rediyon karkara da yawa da shi suke aiki. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza, jihar Tawa, a 2023 kuma aka kunna ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. A watan Agusta na wannan shekara ta 2023, da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Watanni aka yi ana fama. Masu niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara, marasa lafiya a gadon likita, kowa ya ɗanɗana. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma abin da Abdu Mumuni ya yi ta nunawa ke nan tun shekara sittin da suka wuce.

Har yanzu da sauran tafiya. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar kuran a ƙasar nan, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Pannon da ke kan rufinmu kusan duka daga waje ake kawo shi, galibi daga Sin. Shi kuwa burinsa shi ne mu san abin, mu ƙera, mu gyara da kanmu. Ko a ɗan abin da ke hannunmu, sani na da rana. Panno a ƙasarmu ana fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi da kimanin digiri 15. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi ƙwarai, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da safe kafin ya yi zafi. A bar iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, domin zafi mai yawa yana rage wutar da yake bayarwa. Inuwar reshe ɗaya ma tana iya kashe masa aiki. Batir kuma kada a riƙa shanye shi ƙaf kowane dare, yin haka ne ke saurin kashe shi.

Ga ƴan uwanmu da ke Kano, Legas, Akara, Abijan, Libiya, Aljeriya ko Turai, waɗanda ke turo kuɗi a sa wa tsofaffi panno a gida, Allah ya saka da alheri. Muna ƙara muku da shawara ɗaya: in da hali, a ware wani abu a tura yaro ko yarinya daga gidan su koyi haɗawa da gyarawa, don kada na'ura ta mutu a kan waya ɗaya da ta tsinke. Ga iyaye kuma, in ɗanku ko ɗiyarku na son lissafi da kimiyya, kada a cire su daga lakwal don tallar kasuwa ko aure da wuri. Wanda aka sa wa babbar jami'ar ƙasar nan sunansa, a Tasawa aka yanke masa cibi, a Damagaram ya fara riƙe allo.

Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka yi karatu a hannunsa ko suka yi aiki da shi, ƙofar gidan rediyonku a buɗe take.